Hoton da Ba a Ɗauka Ba

Unguwar Mu'azu,
Kaduna.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Isa, da amaryata Nana, jikar da ta tafi ta bar ni ba ko sallamar kirki. Ki gaya mata labari ya iso mini cewa ta yi sabon saurayi mai sayar da rake, ina nan ina shirin kai ƙara. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, Ya sa ruwan garin ya karɓe ku. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarku.

Kin san ni ba gwanin wasiƙa ba ne. Rahoton aiki kawai na iya rubutawa, shi ma layi biyar ya ishe ni. Amma shekara ashirin da 'yan kai a cikin ƙarar injin saƙa sun cinye mini kunne, yanzu ko sannu zan yi wa mutum sai maƙwabta sun amsa. Akwai kuwa maganar da ba a yin ta da ihu. Shi ya sa na sayo takarda na zauna a gindin mangwaron nan na tsakar gida, ina rubutawa ina gogewa tun hantsi.

Mamanku ta dawo daga wurinku shekaranjiya. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, 'yarka ta zama kai." Na yi dariya na ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ina tsammanin yabo ne. Sai ta zauna ta warware mini. Ta ce wata biyu ke nan da aka ba ki shugabancin asibitin haihuwar nan na ƙauye, can bayan Saminaka, kuma ko yini ɗaya ba ki huta ba. Ta ce akwai ungozoma biyu masu takardar horo a ƙarƙashinki, amma duk macen da ta zo a kan gwiwa ke ce a kanta, su kuwa suna tsaye suna miƙa miki almakashi. A tsaye kike cin abinci, in ma kin ci. Ƙofar gidanki ta zama asibiti na biyu. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, ta ce ta ga Nana zaune a dakalin ɗakin haihuwa da kwanon tuwo a rufe a cinyarta, ta ƙi ci, wai sai Mama ta fito su ci tare. Har tuwon ya sandare.

Daga nan dariya ta ƙare mini. Ranar ban iya cin nawa tuwon ba.

Ba faɗa zan yi miki ba, Uwata, ba ni da bakin yin sa. Ni na fara bin wannan hanya, na san inda ta ɓulle. Abin da zan iya shi ne in gaya miki wuraren da na yi tuntuɓe, ko Allah Zai sa ki ɗaga ƙafa in kin zo gun.

Kin san masaƙar da na yi aiki a Kakuri, amma daga waje kika san ta: jiniya, da tarin kekuna, da mutane suna fitowa da auduga har a gashin ido. A ciki, ɗakin saƙa fili ne guda, injina jere-jere, ƙoshiya tana kai da kawowa a cikin kowanne kamar kibiya. Ba a jin maganar baki, da hannu muke zance. In injin masaƙi ya tsaya sai ya ɗaga hannu sama, bakaniken da ke kula da layinsa ya hango ya zo da sifana ya gyara. Shekara tara na yi ina wannan aikin na bakanike, kuma ba yabon kai ba, Allah Ya ba ni hannu. Ta tafin ƙafata nake jin injin da ke shirin lalacewa tun mai shi bai farga ba.

Ranar da aka naɗa ni heluma, wato shugaban kanikawa takwas da duk masaƙan ɗakin, manajanmu ya kira ni ofis. Wani tsohon Bature ne mai jan hanci, ya daɗe a ƙasar nan har ya tsinci Hausa. Ya ba ni farar riga da biro da littafin tsara aiki, sannan ya miƙo tafin hannu ya ce in ba shi sifanata. Na ɗauka wasa yake. Ya ce, "Sale, yanzu kai ido, ba hannu." Na ce, "Yes sa," na miƙa masa. Ana tashi na biya ta kasuwar Kakuri na sayi sabuwa, na zura ta a aljihun farar rigar. Kafin sati ya zagayo aljihun ya yi baƙi ƙirin, mamanku ta wanke ta wanke har ta haƙura.

Daga ranar, duk hannun da aka ɗaga a ɗakin nan, ni ne nake riga bakaniken isa. Ina gaya wa kaina cewa saurin aiki nake nema: abin da zai ɗauke su rabin awa, ni minti biyar na gama. Ina kuma tsoron a ce farar riga ta sa Sale girman kai. Amma yau da na tsufa zan gaya miki gaskiyar da ban gaya wa kowa ba. Daɗi nake ji. Daɗin in ji ana cewa, ai in ba Malam Sale ba ɗakin nan ba ya tafiya. Wannan daɗin ya fi goro shiga jiki, kuma ina jin ke ma kin fara ɗanɗanarsa.

A cikin kanikawan akwai Bulus, mutumin Kagoro, dogo mai sanyin hali, yana waƙa a cocinsu. Shi ne babba a bayana. Wata rana ya gyara inji, na bi bayansa a gaban masaƙa na kwance abin da ya ɗaure, na sake ɗaurewa. Bambancin bai kai ƙwayar gero ba. Daga ranar in aka ɗaga hannu sai ya je ya tsaya a bakin injin, ya jira ni. Sauran suka gani suka yi koyi da shi. Ni kuwa sai na ɗauka lalaci ne, har ina ƙorafi a gida cewa an haɗa ni da ragwaye.

Shekara huɗu muna haka. Ba na zama in ci abinci, sai dai in jefa ƙosai biyu a baki ina tafiya, in kora da ruwan famfo. Jiki magayi. Wata safiya na yi aman jini a bakin ƙofar masaƙa, aka kwashe ni sai asibiti, likita ya ce gyambon ciki ne. Sati shida na yi a kwance. A sati na biyu injina suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, yadin da ke fitowa duk tabo. Manaja ya sauko ya ce wa ye babban bakanike, aka nuna Bulus. Ya ce ya saita masa bugun ƙoshiya a gabansa, aikin da tun da na zama heluma ban taɓa barin wani ya taɓa ba. Bulus ya yi ya yi, ya kasa. Aka ba shi takardar sallama, mutum mai 'ya'ya biyar.

Ya zo duba ni a asibiti da lemo a leda. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Oga, sannu da jiki." Muka gaisa. Can ya ce, "Sun ba ni takarda fa." Na yunƙura zan tashi, ya dafa ni. Ya ce, "Kwanta, Oga. Ni ba na fushi da kai, Allah Ya gani. Amma shekara huɗu ina bayanka ina miƙa maka sifana. Ko sau ɗaya ba ka ce, Bulus, yi in gani ba." Ya ɓare mini lemon da hannunsa, ya yi mini addu'a irin tasu, ya tafi. Da na warke na je na roƙi manaja har da durƙusawa, ya ce an riga an ɗauki wani. Yanzu Bulus yana gyaran injin niƙa a Sabon Tasha. Duk Kirsimeti sai ya aiko mana da shinkafa, kin sha ci, amma ba ki san cewa ni da ƙyar take wuce mini ba.

To, Uwata, matan nan biyu da ke miƙa miki almakashi, su ne Bulus ɗinki. Kina ganin taimakonsu kike yi, alhali hannunsu kike kashewa. Ranar da za ki kwanta ciwo, ko a kira ki taro a Kaduna, mace za ta zo a kan gwiwa ta tarar da mutum biyu masu takarda waɗanda suka manta yadda ake yi. Ki tsaya a bayansu, ki zura hannuwanki a aljihu in ya kama, ki ce, "Yi in gani." Za su yi a hankali, zuciyarki za ta yi ta tafasa, ki daure. In sun yi kuskuren da ba zai cutar ba, ki bari sai kun keɓe ki gyara musu, kada ki kwance ɗaurinsu a gaban mai haihuwa da danginta. In sun yi daidai kuwa, ki faɗa a gaban kowa.

Na san abin da za ki ce, don na san bakinki. Za ki ce, "Baba, naka zare ne, nawa rai ne." Gaskiyarki. Zare in ya tsinke a ƙulla, rai ba a ƙulla shi, kuma ba zan taɓa ce miki ki juya wa mace baya tana cikin haɗari ba. Amma ba kowace haihuwa ce mai haɗari ba, ke kin fi ni sani. Da na koma aiki bayan jinya na tara kanikawa da masaƙa na ce daga yau alama biyu ce. Hannu ɗaya a sama, na bakanike ne, ko ina kusa ba zan waiwaya ba. Hannu biyu a gicciye bisa kai, wannan nawa ne: wuta, ko rauni, ko abin da bakanike ya gwada ya gagare shi. Na kulle sifanar a durowa na ba magatakarda makullin, don na san halina. Kin san abin mamaki? A yini guda hannu biyun nan bai fi a ɗaga shi sau biyu ko uku ba. Sauran duk abin da nake ta gudu a kansa shekara huɗu, aikin da wasu za su iya ne. Ki zauna da matan nan ku rubuta naku: in an ga kaza da kaza, a kira ki ko kina salla, ki sallame ki zo. In ba su ba, su yi, su ba ki labari daga baya.

Tuntuɓe na biyu a ƙofar gida na yi shi. Ana cewa babba juji ne, ni kuwa na ɗauki maganar da gaske har na buɗe jujin a zaurenmu. Kina ƙarama, amma za ki tuna dogon bencin nan. Kafin in gama karin kumallo ya cika, in na dawo da yamma na tarar da wasu sabbi. Wannan yana so a sama wa ƙanensa aiki, wancan a canza masa lokacin aiki, wani a ba shi hutu ya je gona, wani an rubuta masa takardar gargaɗi yana so in sa baki. Rabinsu mutanen garinmu ne, sun san ubana, sun san kakana. Ni kuma kalmar a'a nauyi take mini kamar dutsen niƙa. Kowa na ce masa, "To, za a duba."

Akwai Tanimu, ɗan ƙanwar mahaifina, magidanci da mata da 'ya'ya a gida. Ya zo neman aikin masaƙa gab da faɗuwar damina. Tun ranar farko na san ba za a ɗauke shi ba, don idonsa ɗaya ba ya gani sosai, likitan kamfani ba zai wuce da shi ba. Amma na ji kunya, na ce za a duba. Ya sauka wurin wani abokinsa a Kudenda, duk bayan kwana biyu yana kan bencin nan. Wata uku. Ranar da na daure na gaya masa gaskiya, sai ya ce, "Yaya, da ka ce mini a'a tun ranar da na zo, da na koma na yi shuka." Shekarar nan gonarsa ciyawa ta haifa. Ni da nake gudun in ɓata masa rai na yini ɗaya, na ɓata masa shekara.

Mamanku ce ta yi maganin abin. Wata rana na dawo na ga zaure wayam, ba benci. Ta kai shi ajiya gidan maƙwabciyarmu Maman Ngozi. Na ce, "Ina mutane za su zauna?" Ta ce, "A masaƙa. Mai maganar masaƙa ya same ka a masaƙa, Malam. Nan gidan 'ya'yana ne, su ma suna da magana da kai, ba su samu layi ba." Na yi fushi kwana biyu. Mutane suka yi ta surutu, wai matar heluma ta fi heluma iko. Bayan wata biyu kowa ya saba, kuma ba wanda ya daina gaishe ni a masallaci.

Saboda haka ki raba ƙofar gidanki da ƙofar asibiti. Mai neman allura, da mai son a duba mata kati, da wadda ta zo don ta ji an ce hannun babbar ya fi albarka, ki tarbe su da fara'a, ki ba su ruwa, ki gaya musu lokacin da ake buɗe asibiti. Za su ce 'yar birni ce, tana da girman kai. Su faɗa, ba ya kisa. In abu ba zai yiwu ba, ki ce ba zai yiwu ba tun a ranar, da fuska a sake, kada ki koyi "za a duba" irin ta ubanki. In kuma kin ga bakinki ya yi nauyi, to Malam Isa mutum ne mai hankali, ki bar shi ya zama mai ɗauke benci.

Haka ma shugabannin da ke sama da ke. Su ma za su yi ta ɗora miki, musamman yanzu da gwamnati ke tsuke bakin aljihu, ana sallamar mutane ana barin aikin mutum uku a kan mutum ɗaya. Jakin da ba ya gardama shi ake ƙara wa mangala. Ni sai a ƙarshe-ƙarshen aikina na koyi shiga ofis da littafina a hannu, in buɗe in ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke kaina. In zan ɗauki wannan sabon, wanne zan sauke?" Ban taɓa ganin an kore ni don wannan tambayar ba. Sau da yawa ma sai ya duba littafin ya ce a bar sabon sai wani watan.

Yanzu saura na ukun, wanda saboda shi na sayo takardar nan. Na yi ta kewaye-kewaye ne don hannuna ba ya son rubuta shi.

Kin tuna ranar saukarki ta Alƙur'ani. Kina da shekara goma sha biyu, shekara guda ke nan kafin in kwanta ciwon nan. Malaminku ya so a yi ranar Laraba, ni na roƙa a mayar Lahadi don ita ce ranar hutuna. An yi wa allonki zayyana ja da kore da ruwan ɗorawa, kin hana kowa taɓawa. Mamanku da maƙwabta sun tashi da suyar waina. Na yanka rago. Na je da kaina har Kakuri na yi magana da Okoro mai hoto, na ce ya zo da kyamararsa ya ɗauke mu ni da ke, kina riƙe da allo. Sati guda kina tambayata, "Baba, a dama zan tsaya ko a hagu?"

Da safen na sa babbar rigata, ina gyara hula, sai ga wani masaƙi a kan keke yana haki. Ranar ana aikin obataya, wato na ƙarin lokaci, saboda odar yadin Salla. Ya ce layi guda ya tsaya cak, kanikawa sun ce a kira ni. Mamanku ta kalle ni. Ke kika riƙe mini hannun riga. Na ce miki, "Minti talatin, Uwata. Kafin Malam ya gama addu'ar buɗewa na dawo." Na tuɓe rigar na rataye a ƙusa, na hau keke.

Da na isa na tarar da Bulus tsaye a bakin layin da sifana a hannu. Bel ɗin da ke juya injinan ne ya saki, bel kawai. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Na san bel ne, Oga, amma na ce gara ka zo ka gani da kanka." Minti goma na gyara. Da na juya a lokacin, da na same ki kina karatu. Amma ina juyawa wani ya ɗaga hannu a can, na ce bari in leƙa. Daga shi sai wani. A ɗakin nan ba taga, ba a ganin rana. Da na fito ana kiran la'asar.

Na tarar an naɗe tabarmi, ana wanke tukwane. Mamanku ta gaya mini abin da ya faru, ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi mini ciwo. Ta ce kin yi karatunki ba gargada ko ɗaya, har Malam ya share hawaye, amma kina yi kina satar kallon ƙofa. Okoro ya kafa kyamararsa ya ce ki tsaya da mamanku, kika ce sai Baba ya zo. Kawunki ya ce zai tsaya a madadina, kika ƙi. Mutumin nan ya jira har azahar, ya ce, "Madam, Malam no dey come? Ina da wani biki a Sabon Tasha fa." Aka lallashe ki, aka yi miki tsawa, kika rungume allo kika ce sai Baba. Ya naɗe kayansa ya tafi.

Na shiga ɗaki na same ki zaune a bakin gado, har yanzu da sabbin kayanki. Ina jiran kuka ko fushi. Sai kika tashi kika ɗauko kwano a rufe, kika ce, "Baba, ga wainarka, na ajiye maka." Na karɓa da hannuna mai baƙin mai. Ban ce ki yi haƙuri ba. A lokacin gani nake uba ba ya ba 'yarsa haƙuri, kuma ai aiki ne ya riƙe ni, aikin da ake ci da shi. Na ce za a kira mai hoto wani satin. Wannan ma "za a duba" ce. Ƙannenki duka uku kowa yana da hoton saukarsa a bangon falo, ke kaɗai ce babu, kuma ba ki taɓa tambaya ba. Ni kuwa duk ranar da na shiga falon sai idona ya je wurin.

Yadin da muka saƙa ranar nan, an sayar, an ɗinka, ya tsufa, ya zama tsumma tuntuni. Masaƙar da na ɗauka ba za ta kwana ba in babu ni, ranar da na yi ritaya aka ba ni agogon bango aka tafa mini, washegari jiniya ta yi kuka a kan lokacinta. Da mamanku ta ce ta ga Nana da kwano a rufe a cinya, ba Nana na gani ba, ke na gani. Yaran da ke ajiye wa iyayensu abinci ba sa yin ƙorafi, Uwata, shi ya sa ba a gane ana cutarsu sai an makara. Ina tsoron ranar da Nana za ta daina jira, ta buɗe kwanonta ta ci ita kaɗai, ke kuma ki ce yarinya ta yi hankali.

Ki yafe mini. Shekara goma sha bakwai ke nan kina bi na bashin wannan kalmar, tana cikina, yau na fitar. Ba aiki ne ya hana ni zuwa ba, ni ne ban iya tafiya in bar hannu a ɗage ba.

Ga roƙona. Allonki yana nan, mamanku ta naɗe shi a tsohon zani a ƙasan akwatinta, zayyanar ta ɗan dushe amma ana karantawa. Okoro ma yana nan, ya yi furfura, shagonsa bai tashi daga inda yake ba. Na je na same shi jiya. Ya tuna, har ya ce, "Ah, yarinyar nan mai taurin kai!" Mun shirya da shi ranar Lahadin ƙarshen watan nan, da hantsi. A jadawalinku ranar hutunki ce, mamanku ta gani a manne a bango, sunanki ne a wurin ko da yake ba ki taɓa ɗauka ba. Ki miƙa wa matan nan biyu makulli, ki gaya musu abin da za su yi da inda za su tura mace in abu ya fi ƙarfinsu, ki hau mota ke da Nana da Malam Isa ku zo. Daga yau zuwa ranar kina da sati uku na cewa "yi in gani."

In wata baiwar Allah ta zo cikin haɗari na gaske ranar, ki tsaya a kanta, ni ne zan fara sa miki albarka. Amma in bel ne kawai ya saki, Uwata, ki taho.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga matan garin nan, Ya ba ki mataimaka na gari, Ya ba ki ikon barin su su taimake ki. Allah Ya tsare ku a zaune, Ya tsare ku a hanya, Ya kawo ku lafiya Ya mayar da ku lafiya. Mamanku tana gaishe ku, ta ce ki zauna in za ki ci abinci. Ki shafa mini kan amaryata.

Babbar rigar tana nan, na ba da ita an wanke an buga. Zan sa ta tun da safe in zauna a zaure. Ki tsaya a dama, na riga na zaɓi hagu. In kun makara kada ki damu, na gaya wa Okoro kada ya karɓi wani aiki ranar, kuma ni ba inda za ni.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sale.